Cire Gashi da Hasken Leza: Abin da Na'urar Ke Iyawa da Abin da Ba Ta Iyawa

 Yau maganarmu a kan cire gashin jiki ce da hasken leza. A da sai wanda ya fita ƙasashen waje ne ke jin labarin wannan aiki, amma yanzu tallarsa ta cika Instagram da TikTok, kuma ana yin sa a asibitocin fata da shagunan gyaran jiki a manyan birane irin su Legas da Abuja. Masu neman sa iri-iri ne. Akwai matar da ta gaji da zafin halawa, akwai wadda gashi ke tsiro mata a haɓa har ya hana ta sakewa cikin mutane, akwai kuma namijin da duk lokacin da ya yi aski sai wuyansa ya cika da ƙuraje. Abin da nake so mai sauraro ya riƙe tun daga farko shi ne cewa wannan na'ura ba gashi take gani ba, launi take gani. Wanda ya gane haka zai iya hango da kansa wanda aikin zai yi wa amfani da wanda ba zai yi wa ba, da dalilin da ya sa ba a gama shi a zama ɗaya, da kuma dalilin da ya sa mu masu baƙar fata muke bukatar taka-tsantsan fiye da mutanen da aka fara ƙera na'urar dominsu.

A shekarar 1960 ne wani masanin kimiyya mai suna Theodore Maiman ya haɗa na'urar leza ta farko a jihar Kalifoniya ta Amurka. Ba a daɗe ba likitoci suka fara gwada ta a kan fata, sai dai a wancan lokaci wahalar ita ce yadda za a ƙona abin da ake so ba tare da an haɗa da naman da ke kewaye da shi ba. Mafita ta zo a 1983, lokacin da wasu likitocin fata biyu na Jami'ar Harvard, Rox Anderson da John Parrish, suka wallafa bincikensu a mujallar Science. Abin da suka nuna shi ne, idan aka zaɓi irin hasken da wani abu a cikin fata ke zuƙa fiye da maƙwabtansa, aka kuma harba shi cikin ɗan ƙanƙanin lokaci yadda zafin ba zai samu damar yaɗuwa ba, to ana iya lalata wannan abu shi kaɗai. A kan wannan tushe aka gina na'urorin cire gashi, waɗanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fara amincewa da su a tsakiyar shekarun 1990. Abin da hasken ke nema a jikin gashi shi ne melanin, wato sinadarin da ke ba gashi baƙinsa. Kowa ya san mai baƙar riga ya fi mai farar riga shan zafi a ranar bazara. Haka silin gashi yake zuƙe hasken, ya ɗau zafi, zafin ya gangara cikin ramin da gashin ke tsirowa, ya lalata ƙwayoyin da ke haifar da sabo.

Daga nan sakamako na farko ya fito fili. Gashin da ba shi da baƙi, na'urar ba ta ganin sa. Furfura ba ta jin leza ko da an yi zama ashirin, haka ma gashi mai launin ja ko rawaya, haka kuma siririn gashi mai laushi da ke kwance a kumatu. Wanda ya fi jin ta shi ne gashi mai kauri, baƙi wuluk, irin na hammata da mara da ƙafa da gemu. Saboda haka dattijuwar da farin gashi ke fito mata a haɓa, in aka karɓi kuɗinta da sunan leza, an zalunce ta. Abin da ya dace da ita shi ne tsohuwar hanyar nan ta siririyar allura da wutar lantarki, wadda wani likitan ido a Amurka, Charles Michel, ya bayyana tun 1875 domin cire gashin ido mai juyawa ya soki ƙwayar ido. Ita wannan ana bin gashi ne ɗaya bayan ɗaya, tana cin lokaci, amma ba ruwanta da launi.

Sakamako na biyu shi ne ya fi shafar mu, kuma a nan nake so in ɗan daɗe. Melanin ɗin da ke cikin gashi, shi ne dai a cikin fatarmu, kuma shi ya ba ta launinta. A jikin Bature mai farar fata da baƙin gashi, hasken na ratsa fata ya wuce kai tsaye zuwa gashin. A jikin baƙar fata kuwa, tun a bakin ƙofa hasken yake cin karo da abin da yake nema, sai saman fata ya zuƙe wani kaso, ya ɗau zafi, in ba a yi sa'a ba ya ƙone. Likitocin fata suna amfani da wani ma'auni da Thomas Fitzpatrick ya fara fitarwa a 1975, wanda a yanzu ya raba fatar ɗan Adam gida shida, daga mafi haske zuwa mafi duhu, kuma akasarinmu muna gida na biyar ne ko na shida. Su kuma na'urorin sun bambanta ne da tsawon zangon haskensu, wanda ake aunawa da nanomita. Ta farko da aka yi yayi, mai aiki da dutsen rubi, tana da 694. Wadda ake kira alekzandirait tana da 755. Dayod tana wajen 800 zuwa 810. Sai Nd:YAG, wadda ake furtawa En-di-yag, mai 1064. Gwargwadon tsawon zangon, gwargwadon yadda hasken ke nutsawa ƙasa, kuma gwargwadon ƙarancin abin da melanin na saman fata ke kamawa. Shi ya sa Nd:YAG ce aka fi yarda da ita ga fata mai duhu sosai, ana kuma iya amfani da dayod a hannun gwani in an daidaita ta da kyau. Rubi da alekzandirait sun fi haɗari ga irin fatarmu. Akwai kuma wata na'ura da ake kira IPL, wadda shaguna da yawa ke tallata ta da sunan leza alhali ba leza ba ce; fitila ce mai ƙarfi da ke watsa haske iri-iri a haɗe, kuma cikinsa akwai wanda baƙar fata ke zuƙa sosai. Ta fi araha, shi ya sa ta fi yawa, amma araha ba ta ado.

Wani zai ce, in haka ne ai gara baƙar fata ta haƙura da wannan aiki baki ɗaya. Wannan magana tana da tushe, domin a shekarun farko likitoci da kansu suna mayar da masu duhun fata gida. Amma zamanin ya wuce. Zuwan na'urori masu dogon zango, da kuma dabarun sanyaya fata a daidai lokacin harbin, ko da iska mai sanyi, ko da feshi, ko da bakin na'ura mai sanyi da ake dannawa a jiki, sun sa aikin ya zama mai yiwuwa. Sai dai akwai farashin da ake biya. Tunda melanin ba ya kama hasken Nd:YAG sosai, na cikin gashin ma ba ya kamawa da sauƙi, don haka aikin yakan fi zafi, kuma yana iya bukatar ƙarin zama. Gaskiyar magana ita ce baƙar fata na iya yi, amma tazarar da ke tsakanin ƙarfin da zai kashe gashi da ƙarfin da zai ƙona fata ta fi ƙanƙanta a wurinmu. Wannan ya sa hannun da ke riƙe da na'urar ya kai na'urar kanta muhimmanci.

To, me mutum zai tarar a wuri na gari? Abu na farko, ba za a kwantar da shi a ranar da ya fara zuwa ba. Za a zauna da shi a tambaye shi magungunan da yake sha, domin akwai masu sa fata ta ƙi jure haske, kamar wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta da maganin ƙurajen fuska mai ƙarfi da ake kira isotretinoyin. Za a tambaye shi ko jikinsa na yin tabo mai tudu idan ya ji rauni. Za a tambayi mace ko tana da juna biyu, kuma in tana da shi, a ɗage aikin sai bayan haihuwa. Sannan za a gwada na'urar a ɗan ƙaramin wuri, a jira aƙalla kwana biyu, wasu likitoci har mako guda ko fiye, domin ɓacin launi a baƙar fata ba koyaushe yake bayyana nan take ba. Wurin da bai yi wannan gwaji ba, kuma aka kasa faɗa maka sunan na'urar da tsawon zangonta, ka ɗauki takalminka. Ba rashin kunya ba ne mutum ya tambayi wane ne zai yi masa aikin, wane horo ya samu, ko akwai likitan fata da ke kula da wurin, ko kuma sun saba yi wa masu irin launinsa.

Akwai tambayar da ba a cika amsa ta da gaskiya ba, ita ce ta man bilicin. 'Yar'uwa, in kina shafa mai na ƙara haske, ki faɗa. Wataƙila ki zaci tunda fatar ta yi haske ta fi dacewa da leza, amma ba haka abin yake ba. Yawancin irin waɗannan mayuka suna ɗauke da haidirokwinon ko sitiroid, wasu har da makuri, kuma sitiroid yana sa fata ta yi siriri, ta riƙa jinkirin warkewa. Mai aikin da ya dubi hasken fuskarki ya ƙara wa na'ura ƙarfi, ya auna ki ne da launin aro. Abin da ya fi wannan ban takaici shi ne man sitiroid kansa yana cikin abubuwan da ke sa gashi ya tsiro a fuskar mace. Sai ka ga mace tana biyan kuɗi a cire mata gashin da man da take shafawa kowane dare ke haifarwa.

Shirin zuwa yana da ƙa'idar da ke ba mutane mamaki: a daina halawa da tsigewa da zare makonni huɗu zuwa shida kafin ranar, kuma ba za a koma musu ba har a kammala. Dalilin a fili yake. Halawa tana tumɓuke gashi ne tun daga saiwa, to in ramin ya zama fanko, me hasken zai kama? Abin da ake so shi ne a aske wurin da reza kwana ɗaya kafin zuwa, ta yadda saiwar tana nan a ƙasa, amma babu dogon gashi a sama da zai babbake ya ƙona fata. A guji dilka da duk wani abin goge fata a kwanakin da ke kusa, a je da jiki babu mai, babu hoda, babu turare. Ba a harba leza a kan lalle ko zanen tatu, domin su ma launi ne, kuma na'urar ba ta san bambanci ba. Amaryar da ta tuna da leza saura mako biyu biki ta makara. Wannan aikin watanni ne.

A ranar aikin, za a ba mutum tabarau na musamman, shi da mai aikin da duk wanda ke cikin ɗakin. Wannan ba ado ba ne. Cikin ido cike yake da melanin, kuma harbi ɗaya na iya yi masa lahanin da ba ya gyaruwa. Saboda haka likitoci ba sa son a kusanci fatar ido da ƙasan gira da wannan na'ura, kada a je neman gira a rasa ido. Zafin da ake ji gajere ne, ɗallewa ce mai ɗumi da ke maimaituwa, ya fi tsanani a leɓen sama da mara da duk inda gashi ya yi kauri. Ana jin ƙaurin gashi, kuma wannan ba abin tsoro ba ne. Leɓe ko haɓa 'yan mintuna ne, ƙafafu ko baya na iya cin awa guda. Wasu suna shafa man kashe zafi kafin a fara, amma a nan akwai gargaɗi: a 2007 hukumar magunguna ta Amurka ta ja kunnen jama'a bayan mutuwar wasu mata biyu matasa da suka lafta irin wannan mai a ƙafafunsu, suka naɗe da leda kafin zuwa cire gashi, maganin ya shiga jininsu fiye da kima. Ba a shafa shi a wuri mai faɗi sai da umarnin likita.

Bayan an gama, wurin yakan yi ja ko ya ɗan kumbura a bakin kowane ramin gashi, ya lafa cikin awanni ko kwana ɗaya zuwa biyu. A sa tsumma mai sanyi, a guji ruwan zafi da sirace da turare a wurin na kwana biyu, a kuma kare shi daga rana da tufafi ko man kariya. Cikin mako ɗaya zuwa uku za a ga kamar gashin na tsirowa, alhali matattun silin ne fata ke turowa waje su zube. Abin da ba daidai ba ne shi ne bororo, ko ɓawo, ko zafin da ya ƙi tafiya. Wannan ƙuna ce, a nemi likita. A fatarmu ƙuna kan bar baƙin tabo da ke iya ɗaukar watanni kafin ya goge, ko farin tabo wanda wani lokaci ba ya gogewa. Akwai kuma wani abu da ba kasafai yake faruwa ba amma an tabbatar da shi: a wasu mutane, maimakon gashin ya ragu sai ya ƙaru, musamman a fuska da wuya, kuma an fi ganin haka idan aka harbi siririn gashi da ƙarfin da bai isa ba.

Me ya sa ba a gamawa a zama ɗaya? Masu zargi sukan ce dabarar tatsar kuɗi ce, amma dalilin yana cikin halittar gashi. Kowane sili yana da zagayen rayuwarsa: lokacin girma, lokacin tsayawa, da lokacin hutu kafin ya faɗi. Leza ta fi kama wanda ke cikin girma, lokacin da yake cike da launi kuma yake manne da saiwarsa. Gashin jiki ba ya shiga wannan mataki a tare, don haka kowane zama wani kaso kawai yake samu. Shi ya sa ake dawowa bayan makonni huɗu zuwa shida ga fuska, shida zuwa takwas ga jiki, kuma yawanci ana bukatar zama shida zuwa takwas, wani lokaci fiye. Ko bayan an kammala, kalmar da hukumar Amurka ta yarda a yi talla da ita ita ce rage gashi na dogon lokaci, ba kawar da shi har abada ba. Abin da mutum zai sa rai shi ne gashin ya ragu ƙwarai, wanda ya saura ya zama siriri mai jinkirin fitowa, sannan a riƙa komawa jefi-jefi domin gyara. Duk mai yi maka alkawarin ba za ka ƙara ganin sili ɗaya ba har ƙarshen rayuwarka, ya faɗi abin da masu ƙera na'urar ma ba su faɗa ba.

Akwai tsoron da ya yaɗu cewa hasken yana jawo ciwon daji ko hana haihuwa, musamman in a mara aka yi. Wannan haske ba irin na hoton ƙashi ba ne da ke iya taɓa ƙwayoyin gado, kuma zurfinsa bai kai santimita ɗaya ba. A cikin fata yake ƙarewa, ba ya isa mahaifa ko ƙwai. An shafe kusan shekaru talatin ana wannan aiki ba tare da an samu hujjar cewa yana haifar da kansa ba. Haɗarinsa na gaske a fata yake da ido, kuma nan ya kamata hankali ya tafi. Haka ƙananan na'urorin gida da ake sayarwa a intanet: akasarinsu IPL ne, kuma da yawa daga masu ƙera su sun rubuta a jikin kwali cewa ba na masu fata mai duhu sosai ba ne.

Wani kuma zai ce duk wannan almubazzaranci ne, tunda ga reza ga halawa. Ga mutane da yawa wannan gaskiya ne, kuma babu wanda lafiyarsa za ta taɓu don bai yi leza ba. Amma akwai waɗanda abin ya wuce kwalliya a wurinsu. Gashinmu murɗaɗɗe ne, in an aske shi ƙwal yakan lanƙwaso ya soki fata, ya haifar da ƙurajen aski masu barin tabo a wuya da haɓa. Ga namijin da aikinsa ya tilasta masa aski kullum, kamar soja ko ɗan sanda, rage gashin wurin da leza magani ne da likitocin fata suka tabbatar da amfaninsa, sai dai ya sani cewa inda aka bi, gemu ba zai ƙara cika kamar da ba. Batun hukuncin taɓa gemu ko gira, da na buɗe tsiraici a gaban mai aiki, wannan fagen malamai ne, kuma ya fi kyau a warware shi kafin a biya kuɗi.

Sai matar da gashi mai kauri ke fito mata a haɓa, ko ƙirji, ko ƙasan cibiya. Ita ƙofar da ya kamata ta fara bi ita ce ta likita. Sau da yawa wannan alama ce ta rikicewar sinadaran jiki, kuma sanadin da ya fi yawa shi ne matsalar ƙwan mace da likitoci ke kira PCOS, wadda ke shafar kusan mace ɗaya cikin goma na masu shekarun haihuwa, kuma takan zo da rikicewar al'ada, da ƙurajen fuska, da ƙiba, da jinkirin samun ciki. Leza za ta kashe gashin da ya riga ya fito, amma muddin sinadaran na nan suna aiki, za su ci gaba da mayar da siririn gashi mai kauri. Shi ya sa ake haɗa ta da maganin da likita zai rubuta, kuma irin wannan mace takan bukaci zama fiye da na sauran. In kuma gashin ya taso ne farat ɗaya cikin 'yan watanni, murya ta fara kauri, to wannan na bukatar gwaji cikin gaggawa, domin yana iya zama alamar ƙari a ƙwan mace ko a wata halitta da ke saman ƙoda.